Paulin Vieyra: daga cikon benci a finafinan Faransa zuwa rubuta tarihin siniman Afirka

Mai Majigi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Duk sanda aka zo maganar iyayen fim a Afirka, Ousmane Sembène na Senegal ake fara ambata, kuma ya cancanta. Amma akwai wanda ya riga shi riƙe kyamara, ya tsaya masa a finafinansa, sannan ya zauna ya rubuta tarihin sana'ar tun tana rarrafe. Shi ne Paulin Soumanou Vieyra. An haife shi a Porto-Novo ta ƙasar Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yanzu, ranar 31 ga Janairun 1925. Yana ɗan shekara goma aka kai shi makarantar kwana a Faransa. Ya shiga jami'a a Paris yana karatun ilimin halittu, a gefe kuma yana fitowa a finafinan Faransawa cikin 'yan cikon benci. A Le Diable au corps na 1947 ya fito a matsayin sojan Afirka. Daga nan zuciyarsa ta koma fim, ya shiga IDHEC, babbar makarantar koyon fim ta Faransa, a 1952, kuma shi ake lissafawa baƙar fatar Afirka na farko da ya gama ta. Ya rasu a Paris ranar 4 ga Nuwamban 1987. Ni a wurina littattafansa sun fi finafinansa nauyi, kuma wannan nake so mu baje a faifai.

Ta Damagaram:
Wa alaikumus salam, Malam. Wannan suna na Vieyra ma tarihi ne. Zuriyarsa ta Aguda ce, bayin da aka kwasa zuwa Barazil suka dawo gaɓar Afirka ta Yamma da sunayen Fotugis bayan tawayen Musulmi na Bahiya a 1835, tawayen da Yarabawa suka fi yawa a cikinsa, da Hausawa a tare da su.

Amma kafin a auna finafinansa sai a san dokar Laval. A 1934 Pierre Laval, yana ministan ƙasashen mallaka, ya sa hannu a dokar da ta ce ba mai ɗaukar fim a mallakar Faransa ta Afirka sai da izinin gwamnan yankin, bayan ya miƙa rubutun fim ɗin da sunayen waɗanda za su yi aikin. René Vautier, Bafaranshe ne ma, ya ɗauki Afrique 50 ba yadda hukuma ke so ba, aka yanke masa ɗaurin shekara guda, fim ɗin ya yi sama da shekara 40 a haramce. Da Vieyra da abokansa suka nemi izinin ɗauka a Afirka aka hana su. Shi ya sa fim ɗinsu na 1955 ya zama Afrique-sur-Seine, labarin ɗalibai da ma'aikatan Afirka a bakin kogin Seine a Paris. Shi da Mamadou Sarr suka ba da umarni, Robert Caristan ya riƙe kyamara, da Jacques Mélo Kane a cikin tawagar.

Edita na Fagge:
Hajiya, bari in ɗora da lissafin kaya, don matasanmu da suka tashi da katin memori su ga nauyin abin. Fim ɗin minti 21 ne, baƙi da fari, a zaren fim mai faɗin milimita 16. A wannan zare kowace ƙafa tana ɗauke da hoto 40, ana kuma ɗaukar hoto 24 a daƙiƙa, ke nan minti ɗaya yana cin ƙafa 36. Minti 21 ya kama ƙafa 756, wajen mita 230. Wannan abin da ya rage bayan yanka ne. In ka ɗauki kowace fitowa sau uku, sai ka tanadi sama da ƙafa 2,200, kuma kowace ƙafa sau uku kake biyan kuɗinta: saye, wanki da sinadarai don hoton ya fito, da buga kwafin da edita zai yanka. Ƙaramin naɗi na ƙafa 100 bai kai minti uku ba, babba na ƙafa 400 minti 11 ne. Ƙananan kyamarorin zamanin irin Bolex wani ake yi musu kamar agogo, wani ɗaya bai cika rabin minti ba, ga ƙarar inji da ba ta barin a naɗi magana a wurin. Shi ya sa za ka ji muryar mai ba da labari da kiɗa a saman hoto, maimakon 'yan wasa su yi ta musayar zance. Hatta La Noire de... na Sembène a 1966 daga baya aka ɗora masa murya. Talauci ne ya fara tilasta salon, su kuma suka mai da shi gwaninta.

Ɗan Kurmi:
Ranku ya daɗe, ina da ja. Ko'ina aka rubuta Afrique-sur-Seine sai a ce fim na farko na Afirka. Masar fa? Tun shekarun 1920 suke fim, Aziza Amir ta fitar da Laila a 1927. In ma an ce kudu da Sahara, Mamadou Touré ɗan Gini ya yi Mouramani a 1953. To ina farkon yake?

Mai Majigi:
Janka a kan hanya yake, ƙanena. Masar ta riga kowa, babu musu, kuma Mouramani ya riga shi da shekara biyu. Abin da ya ɗaga na 1955 shi ne ƙungiya ce ta yi shi da niyyar kafa sana'a, an kalle shi, an yi rubutu a kansa, kuma yana nan har yau ana haska shi. Kalmar “na farko” ita ce ta fi kowace yaudarar mai rubuta tarihi. Kafin ka furta ta sai ka amsa tambaya huɗu: na farko da aka ɗauka ko da aka haska wa jama'a, gajere ko dogo, ɗan ƙasa ne ya ba da umarni ko fitowa kawai ya yi, kuma kuɗin wa aka kashe. Kowace amsa fim daban take ba ka.

Ɗan Kurmi:
Na karɓa. Ga ta biyu, kuma ta fi ta farko nauyi. Mutumin nan ma'aikacin gwamnati ne. Ya koma Dakar a ƙarshen shekarun 1950, ya shugabanci Actualités sénégalaises, sashen finafinan labarai na gwamnatin Senegal, har 1975. Yana bin Shugaba Senghor tafiye-tafiye da kyamara. Une nation est née na 1961 fim ne na murnar 'yancin kai. Yaya wanda ke cin albashin hukuma zai rubuta tarihi ba son rai? Kuma waɗanda yake rubutu a kansu abokan cin tuwonsa ne.

Ta Damagaram:
Ba a ƙi ta taka ba, amma dubi yadda aikin yake a lokacin. Yawancin ƙasashen da Faransa ta mallaka sun samu 'yanci a 1960 ba su da ɗakin wankin fim. Za a ɗauki labarin mako a Dakar ko Yamai, a rufe zaren a gwangwani, a liƙe da tef, a sa a jirgi zuwa Paris. Can wata hukuma mai suna Consortium Audiovisuel International, da aka kafa a farkon shekarun 1960, za ta wanke, ta yanka, ta ɗora murya, a dawo da kwafi a haska a sinima kafin babban fim. Mai kyamara ba ya ganin abin da ya ɗauka sai bayan kwanaki. In haske ya shiga gwangwani, ko gashi ya maƙale a ƙofar kyamara, ko zafin mota ya dafa zaren, sai bayan taro ya watse zai sani, kuma ba a maimaita saukar shugaban ƙasa daga jirgi.

To a Senegal ofishin nan da Vieyra ke shugabanta yana da kyamara da zare da fitilu da mota da ma'aikatan da suka iya aiki. Ta wannan ƙofa Vieyra ya tallafa wa Sembène tun daga Borom Sarret na 1963, ya kuma riƙe masa ragamar shiri a Mandabi da Xala da Ceddo. Xala kuwa fim ne da ya yi wa manyan ƙasa tsirara, Ceddo kuma gwamnatin Senghor ta hana haska shi na shekaru. Wanda ke tsoron hukuma ba ya sa sunansa a irin waɗannan. Dogon fim ɗinsa ɗaya tilo, En résidence surveillée na 1981, shi ma a kan rikicin mulki ne a wata ƙasar Afirka da ya ƙirƙira.

Edita na Fagge:
Kuma ko an gama fim, haska shi wani yaƙin ne. Kamfanoni biyu na Turawa, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da rarraba finafinai da yawancin gidajen sinima a yankin. Sun fi son tsofaffin finafinan Amurka da Faransa da Indiya da suka riga suka mai da kuɗinsu, suna samunsu da araha. Injinan gidajen kuma na milimita 35 ne. Mai fim a milimita 16 sai ya biya a faɗaɗa masa zuwa 35 a Turai, hoton ya ƙara tsakuwa-tsakuwa, ko ya haƙura da cibiyoyin al'adu da makarantu. Wannan ƙunci ne ya sa Upper Volta, Burkina Faso ta yanzu, ta ƙwace gidajen sinimarta a 1970, ya kuma sa masu fim suka haɗa kai. Bikin finafinai na Carthage a Tunisiya ya fara a 1966, na Wagadugu a 1969, ƙungiyar FEPACI ta masu shirya fim ta Afirka ta samo asali daga taron Aljiyas na 1969, Vieyra na cikin waɗanda suka kafa ta, shi ne ma'ajinta.

Malama Mai Alli:
Sannunku da ƙoƙari. Ni littattafan nake so a tsaya a kansu, tunda su Malam ya ce sun fi nauyi. Le cinéma et l'Afrique ya fito a 1969, littafinsa a kan Sembène a 1972, Le cinéma africain des origines à 1973 a 1975, duka a madaba'ar Présence Africaine, sai na siniman Senegal a 1983. Ya yi digirin digirgir a Paris a 1982 a ƙarƙashin Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, ya kuma koyar a CESTI, makarantar aikin jarida ta Dakar.

Na 1975 shi ne gishirin. Ƙasa-ƙasa ya bi, yana kawo masu fim da ayyukansu da yanayin da aka yi su. Darajarsa ita ce a lokacin aka rubuta shi, masu finafinan suna raye, ya kalli abin da idonsa a bukukuwa, ya tambayi masu shi baki da baki. Da yawan gajerun finafinan shekarun 1960 kwafi ɗaya ko biyu aka buga, yau ba a iya kallonsu, abin da ya rage shi ne abin da irinsu Vieyra suka rubuta. Ɗan Kurmi ya yi gaskiya cewa kusanci yana rage kaifin suka, kuma ƙasashen da ke magana da Faransanci sun fi samun fili a aikinsa, don su ya fi shiga. Sai dai son rai ana iya gyara shi daga baya in bayanan suna nan. Bayanin da ba a rubuta ba kuwa babu mai gyara shi.

Ɗan Kurmi:
Malama, wane irin bayani ke nan takamaimai? Suna da shekara ai kowa zai iya rubutawa.

Malama Mai Alli:
Shekarar ma ita ce ta fi ba da wahala, ɗana. Ɗauki Cabascabo na Oumarou Ganda ɗan Nijar: wasu littattafai sun ce 1968, wasu 1969, shekarar da aka haska shi a bikin finafinai na Cannes a Faransa. Duka biyun suna da hujja, don ɗaya ta aiki ce, ɗaya ta fitowa. Saboda haka kati guda ake buɗe wa kowane fim, a rubuta shekara uku daban-daban: ta ɗauka, ta kammalawa, ta haskawar farko tare da wurin da aka haska. Sai sunan fim a harshensa na asali da duk sunan da aka sake masa a waje, don fim ɗaya yakan shiga lissafi sau biyu saboda suna biyu. Sai harshen da aka yi magana da shi, da faɗin zare, da launi ko baƙi da fari. Tsawo kuma a rubuta shi da mita, ba da minti kaɗai ba, saboda sinima tana gudu da hoto 24 a daƙiƙa, talabijin irin tamu da 25, fim ɗin minti 100 sai ya koma 96 a talabijin ba tare da an yanke komai ba. Sunayen ma'aikata daga jikin fim ake kwafe su, ba daga fosta ba, fosta tana ƙara wanda ya yi suna ta zubar da mai ɗaukar sauti. Sai wanda ya ba da kuɗi. Na ƙarshe, wanda aka fi mantawa, ina negatif yake, wato ainihin zaren da ake buga kwafi daga gare shi, kuma da sunan wa aka ajiye shi. Finafinan Afirka da yawa negatif ɗinsu yana ɗakunan wanki na Turai, wani an riƙe shi saboda bashi, wani kamfanin ya rushe an sayar da kayansa.

Hira da tsofaffin 'yan wasa tana da amfani ƙwarai, amma a rubuta ranar hirar, kuma kada a karɓi shekara daga baki ɗaya sai an gwada ta da jarida ko rasit ko takardar hukumar tace finafinai.

Edita na Fagge:
Akwai shaidar da ke jikin zaren kansa. Kodak tana buga 'yan alamomi a gefen fim, da'ira da murabba'i da alwatika, masu nuna shekarar da aka ƙera shi. Tarko biyu ne a ciki. Alamomin suna maimaituwa duk shekara 20, sai ka haɗa da tufafi da motocin da ke cikin hoton kafin ka zaɓi zamani. Kuma shekarar ƙera zare suke nunawa, ba ta ɗauka ba, in kuwa kwafi ne a hannunka to shekarar zaren kwafin ce kawai.

Mai Majigi:
Tunda an zo jikin zare, a faɗi abin da ke kashe shi, don shi ya sa aikin Vieyra ya zama abin da ya zama. Finafinan zamaninsa a kan asitet suke, wato nau'in robar da ake yin zaren da ita. Zafi da laima suna sa asitet ya riƙa fitar da ruwan tsami, ka buɗe gwangwani ka ji warin binega ya bugi hancinka. Tsamin da ya fita shi ke ƙara hanzarta ruɓewar, kuma yana kama gwangwanayen da ke kusa. Zaren sai ya motse, ya kanannaɗe kamar busasshen ganye, hujojin gefensa su daina dacewa da haƙoran inji. A ɗaki mai zafin digiri 21 da laima kashi 50 cikin ɗari, sabon zare yana kai wajen shekara 40 kafin ciwon ya kama shi. A sito mai rufin kwano a Dakar ko Legas ba ya kai ko kusa. Mai launi kuma shuɗi da rawaya suke fara gudu, hoto ya koma ja-ja.

Wanda ya tsinci tsohon naɗi, kada ya ɗora shi a majigi don ya ga me ke ciki, nan take haƙora za su yayyaga shi. A sa safar hannu, a warware 'yan ƙafafun farko a hankali a gaban fitila, a karanta suna. A ware masu wari daga masu lafiya. Akwai 'yar takardar gwaji shuɗiya da ake sakawa cikin gwangwani a rufe kwana guda: in ta koma kore ciwo ya fara, in ta koma rawaya a gaggauta kwafe shi. Ajiya tana son sanyi da laima kashi 30 zuwa 40, a kwance, ba a tsaye ba. In an fito da shi daga firiza a bar shi cikin ledarsa a rufe har ya huce, in ba haka ba raɓa ta kwanta masa. Gargaɗi ɗaya: zaren milimita 35 da aka ƙera kafin farkon shekarun 1950 yana iya zama naitiret, wani tsohon nau'in zare wanda in ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi.

Ta Damagaram:
Kuma ana cetowa in an dace. Lamb, gajeren fim ɗin Vieyra na 1963 a kan kokawar gargajiyar Senegal, ya shiga gasar Cannes a 1964, aka gyara shi aka sake haska shi a can a 2018. Duk mai zuwa kallon kokawar takobi a Nijar zai gane filin nan take, da kiɗan da layun da kirarin. A shekarar 2018 ɗin dai aka haska Shaihu Umar na Adamu Halilu a bikin finafinai na Berlin, fim ɗin Hausa na 1976 da aka ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. An daɗe ana ɗaukar ya ɓace, sai a 2016 aka gano naɗe-naɗensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi. Da ba a san akwai shi a rubuce ba, da ba wanda zai gane darajar gwangwanayen.

Ɗan Kurmi:
To na sauko daga rabin jan da nake yi. Har yanzu ina ganin a karanta hukuncinsa a kan finafinan abokansa da taka-tsantsan. Amma maganar kati ta shige ni, don finafinanmu na Hausa na bidiyo tun daga Turmin Danya na 1990 a kaset suke, kuma kaset bai kai zare ƙarko ba.

Edita na Fagge:
Bai kai ba, ƙanena, kuma injinan kunna shi sun daina fitowa daga masana'anta tun 2016. Kaset a tsaye ake ajiye shi kamar littafi, nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu. In ka hango farin hunhuna ta tagar kaset kada ka kunna, zai toshe kan injin ya kuma shafa wa kaset na gaba, sai an buɗe an goge shi a hankali tukuna. A nemi uwar kaset wadda aka yi kwafi daga gare ta, don kowane kwafi daga kwafi yana zubar da hoto. A juye shi zuwa kwamfuta yadda yake, hoto 25 a daƙiƙa, ba tare da an matse fayil ɗin ko an miƙe hoton ya cika allon zamani ba. A yi kwafi uku, ɗaya a wani gari daban. A ɗauki hoton kwalin gaba da baya, don sau da yawa nan ne kaɗai sunan kamfani da na mawaƙa suke. Mujallun Tauraruwa da Fim na ƙarshen shekarun 1990 su ne za su tabbatar da watan da fim ya shiga kasuwa.

Malama Mai Alli:
A haɗa da takardu, ba kaset kaɗai ba. Vieyra ya adana wasiƙu da rubutun finafinai da hotuna da naɗin hirarraki, iyalinsa suka riƙe su bayan rasuwarsa. Matarsa Myriam Warner-Vieyra, marubuciya 'yar Guadeloupe, ita kanta ma'aikaciyar laburare ce a Dakar. A 2021 ɗansu ya miƙa tarin ga cibiyar adana finafinan baƙar fata ta Jami'ar Indiana a Amurka, don a tsara su a mai da su na kwamfuta. Wanda zai fara irin wannan a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, ya cire ƙusoshin sitefula daga takardu don tsatsa tana cin takarda, ya rubuta sunayen mutanen da ke cikin kowane hoto a bayansa da fensir, ba da biro ba, tun masu gane fuskokin suna nan.